Umarnin Kariya na Kotu: Rigakafin Cin Zarafi a Cikin Gida

Gabatarwa

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ƙiyasi da ya nuna cewa kashi 27 cikin ɗari na matan duniya 'yan shekara 15 zuwa 49 waɗanda suka taɓa zama da namiji, sun taɓa shan duka ko tilastawa ta jima'i daga hannun abokin zaman nasu. A Nijeriya kuwa, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun gamu da wani nau'i na cutarwa daga miji, ko ta duka, ko ta jima'i, ko ta muzantawa. Binciken ya ƙara da cewa daga cikin matan da aka taɓa duka ko aka tilasta, kashi 55 cikin ɗari ba su taɓa neman taimako ba.

Waɗannan alƙaluma ne suka sa masana kiwon lafiyar al'umma suke ɗaukar cin zarafi a cikin gida a matsayin annoba da take bukatar rigakafi kamar sauran annoba. Ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafin da doka ta samar ita ce abin da ake kira umarnin kariya. Wannan maƙala za ta bayyana ma'anar wannan umarni, da tarihinsa, da yadda ake samunsa a Nijeriya, sa'an nan ta duba abin da binciken masana ya gano game da amfaninsa da kuma iyakar ƙarfinsa.

Ma'anar Umarnin Kariya

Umarnin kariya, wanda jama'a suka fi kira odar kotu, rubutaccen umarni ne da alƙali yake bayarwa, inda yake hana wani mutum aikata wasu abubuwa da aka lissafa ga wanda ya kawo ƙararsa, alal misali dukansa, ko yi masa barazana, ko kusantar gidansa. Galibin masu nemansa mata ne, amma ƙofarsa a buɗe take ga miji, da yaro, da tsoho, da duk wanda ake zalunta a cikin iyali.

Bambancinsa da shari'ar laifi ta fuska uku ne. Na farko, shari'ar laifi tana waiwayen abin da ya riga ya faru domin ta hukunta, shi kuwa umarnin kariya gaba yake hange domin ya tsare abin da ake tsoron faruwarsa. Na biyu, a shari'ar laifi hukuma ce take gurfanar da mai laifi, amma a nan wanda aka zalunta shi yake da ikon shigar da ƙara. Na uku, kafin a ɗaure mutum sai an tabbatar da laifinsa tabbacin da babu kokwanto a cikinsa, alhali umarnin kariya rinjayen hujja kawai yake bukata, wato alƙali ya ga maganar mai ƙara ta fi kusa da gaskiya a kan ta wanda ake ƙara.

Muhimmancin wannan bambanci ga matar aure a fili yake. Mata da yawa ba sa son a ɗaure uban 'ya'yansu, ko don shi yake ciyar da gidan, ko don gudun surutun dangi. Abin da suke so shi ne dukan ya tsaya. Umarnin kariya ba ya kashe aure, ba ya kuma tura kowa kurkuku, matuƙar wanda aka ba umarnin ya kiyaye shi.

Taƙaitaccen Tarihi

Wannan tsari bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1971 aka buɗe gidan fake na matan da ake duka a unguwar Chiswick ta birnin Landan, kuma labaran matan da suka yi ta tururuwa zuwa gidan suka fito da girman matsalar a idon jama'a. A 1976 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta ba kotuna ikon hana mutum muzguna wa abokin zamansa, ko fitar da shi daga gidan, tare da ba 'yan sanda ikon kama shi idan ya saɓa. A wannan shekara ce kuma jihar Fensilbaniya ta Amurka ta kafa tata dokar, wadda sauran jihohin ƙasar suka yi koyi da ita. A 1994 wata dokar tarayya ta wajabta wa kowace jiha ta Amurka ta girmama umarnin da kotun wata jiha ta bayar. Ƙasar Ostiriya ta ƙara wani mataki a 1997, inda ta ba ɗan sanda ikon fitar da mai duka daga gida nan take na wasu kwanaki, tun kafin a je gaban alƙali.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ta kafa dokarta ta farko a 1993, ta maye gurbinta da wata mai faɗi a 1998. Gana ta kafa tata a 2007, shekarar da jihar Legas ita ma ta kafa dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida.

Matsayin Doka a Nijeriya

Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wato Pinal Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya zo da sashe na 55 wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba, kuma al'adar ma'auratan ta yarda da shi. Lauyoyi da ƙungiyoyin mata sun yi shekaru suna sukar wannan sashe, domin kuwa ya bar mace ba ta da madogara sai bayan an karya ta ko an nakasa ta.

Ranar 25 ga Mayu, 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta mai da dukan miji ko mata laifi mai hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Haka nan ta haramta korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da yin watsi da iyali ba ci ba sha, da bibiyar mutum don tsoratarwa. Sassanta na 28 zuwa 36 su ne suka tsara umarnin kariya, kuma an ɗora wa hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, NAPTIP, alhakin kula da aiwatar da ita.

Sai dai saboda tsarin tarayya, dokar ta 2015 a Babban Birnin Tarayya Abuja take aiki kai tsaye, kowace jiha kuwa sai majalisarta ta kafa tata. Kaduna ta yi haka a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021, haka ma wasu jihohi da dama. Dokokin jihohi sukan sha bamban da ta tarayya wajen yawan tara da kotun da take da hurumin sauraron ƙara, saboda haka bayanin da zai biyo baya a kan dokar tarayya aka gina shi.

Matakan Samun Umarni

Mataki na farko shi ne shigar da buƙata a Babbar Kotu, haɗe da takardar rantsuwa wadda take bayyana abin da ya faru. Dokar ba ta sa wa'adi ba, wato ba za a ce wa mai ƙara ta makara ba don dukan ya kwana biyu. Idan ba ta iya zuwa da kanta, ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko jami'in jin daɗin jama'a, ko malamin makaranta yana iya shigar da buƙatar a madadinta da rubutacciyar yardarta. Ana ɗauke sharaɗin yarda idan wanda aka zalunta ƙaramin yaro ne, ko mai taɓin hankali, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Mataki na biyu shi ne umarnin wucin gadi. Idan alƙali ya ga alamar hujja cewa an yi cin zarafi ko ana dab da yi, yana iya ba da umarni nan da nan ko da wanda ake ƙara bai sani ba. Hikimar haka ita ce, kai wa mai duka sammaci ba tare da wata kariya ba yana iya zama sanadin wani sabon duka.

Mataki na uku shi ne sauraron ɓangarorin biyu. Ana kai wa wanda ake ƙara kwafin umarnin da ranar da zai bayyana ya kare kansa, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi. Idan bayan sauraro hujjar mai ƙara ta rinjaya, ko kuma wanda ake ƙara ya ƙi zuwa bayan an tabbatar takarda ta isa gare shi, sai kotu ta ba da cikakken umarni. Kowane ɓangare yana iya komawa daga baya ya nemi a sauya sharuɗɗan ko a janye su. Domin kare wanda ake ƙara daga ƙazafi, dokar ta mai da rantsuwa a kan ƙarya laifi.

Abubuwan da suke ƙarfafa buƙata sun haɗa da rahoton likita, da hotunan raunuka, da saƙonnin barazana na waya, da shaidar maƙwabta, da rubutaccen lissafin ranakun da abin ya faru. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman taimako kyauta daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam.

Abin da Umarni Yake Ƙunsa

Kotu tana iya hana wanda ake ƙara sake cin zarafi, da tura wani ya yi a madadinsa, da shiga gidan mai ƙara ko wurin aikinta. Tana iya hana shi shiga gidan da suke zaune tare, ko wani sashe nasa, ko kuma ta hana shi korarta daga gidan, ko sayar da shi. Tana iya umartar a ƙwace makamin da yake hannunsa, a kuma haɗa mai ƙara da ɗan sanda ya raka ta ta kwaso kayanta. Haka kuma tana iya ɗora masa biyan kuɗin agajin gaggawa, irin na magani da na masauki, ta kuma taƙaita ganawarsa da yara idan maslahar yaran ta buƙaci haka.

Ƙashin bayan tsarin shi ne takardar kamu. A lokacin da kotu take ba da umarni, tana haɗa shi da takardar izinin kama wanda ake ƙara, amma sai ta jingine zartar da ita. Da zarar ya saɓa, mai ƙara za ta kai takardar ga 'yan sanda tare da rantsuwa cewa an karya umarni. Wannan dabara tana cikin dokar Afirka ta Kudu ta 1998. Hukuncin saɓawa a dokar Nijeriya ta 2015 shi ne tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A Ingila kuwa, daga 2007 saɓa irin wannan umarni ya zama laifin da yake iya jawo ɗaurin shekara 5.

Abin da Bincike Ya Gano

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: shin takarda tana hana hannun da ya saba duka? Masana sun gwada amsa ta da alƙaluma, kuma mafi yawan binciken a Amurka aka yi shi.

A shekarar 2002 Victoria Holt da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bibiyar mata 2,691 na birnin Siyatil waɗanda aka kai rahoton cin zarafinsu ga 'yan sanda. An bi kowace mace tsawon wata 12. Matan da suka sami cikakken umarni, rahoton sake dukansu ya yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su da umarni. Amma matan da suke riƙe da umarnin wucin gadi kawai, ba a ga raguwar duka a tare da su ba, rahoton barazana da tsangwama ma ya ninka sau huɗu ko fiye. Darasin da yake cikin wannan shi ne, kwanakin da suke tsakanin umarnin farko da ranar sauraro kwanaki ne na hattara, kuma macen da ta tsaya a rabin hanya ba ta ci moriyar tsarin ba.

A 2009 wasu masana na Jami'ar Kentaki ƙarƙashin jagorancin T. K. Logan suka fitar da rahoton hira da mata 213 na birni da ƙauye, wata 6 bayan sun sami umarni. Rabinsu sun ce ba a saɓa umarnin ba ko sau ɗaya. Ko cikin sauran rabin ma, yawan cutarwar ya ragu ƙwarai. Mazan da suka fi saɓawa su ne waɗanda dama suke bibiyar matan. Da masanan suka lissafa kuɗin asibiti, da na shari'a, da asarar aiki da ta jin daɗin rayuwa, sai suka ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe a kan umarnin kariya ta tsare wa al'umma asarar kimanin dala 30. Sun kuma lura cewa matan ƙauye sun fi shan wahala wajen samun umarnin da kuma sa a zartar da shi.

Wajibi ne a karanta waɗannan sakamako da lura. Masana ba sa iya raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu kariya a hana wasu, kamar yadda ake gwajin magani. Mai yiwuwa ne macen da ta jure har ta kai ƙarshen shari'a dama tana da dangi ko abin hannu da suke taimakonta. Duk da haka, binciken ya haɗu a kan cewa umarni yana rage cutarwa ga mafi yawan mata, kuma akwai wasu maza da ba ya tsayar da su.

Alamomin Haɗari

Gane waɗannan maza shi ne aikin da Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins ta daɗe tana yi. A binciken da ta jagoranta a birane 11, wanda aka wallafa a 2003, an kwatanta tarihin mata 220 da abokan zamansu suka kashe da na mata 343 da aka ci zarafinsu amma suna raye. An gano cewa idan mai dukan yana da bindiga, haɗarin kisa yana ninkawa kimanin sau 5. Idan kuma mace ta rabu da namiji mai tsananin mallaka da sa ido, haɗarin yana ninkawa kimanin sau 9. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa macen da aka taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau 7.

Ke nan lokacin da mace ta fi bukatar kariya shi ne lokacin da ta yunƙura za ta fita, wanda kuma sau da yawa shi ne lokacin da take neman umarni. Saboda haka masana suke ba da shawarar a haɗa umarni da shirin tsira: wurin fakewa da mai dukan bai sani ba, da kwafin takardar a hannun dangi da maƙwabta da makarantar yara, da kuma bayyana wa alƙali ƙarara idan akwai makami, ko shaƙewa, ko barazanar kisa.

Inda Takarda Ta Gaza

A watan Yuni na 1999, a garin Castle Rock na jihar Kolorado, mijin wata mata mai suna Jessica Gonzales ya ɗauke 'ya'yansu mata uku, alhali akwai umarnin kotu a kansa. Ta yi ta kiran 'yan sanda tun da yamma har tsakar dare, suna ce mata ta jira. Kafin asuba mijin ya zo ofishin 'yan sandan ya buɗe wuta, aka harbe shi, aka tarar da gawar yaran uku a cikin motarsa. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta yanke cewa tsarin mulkin ƙasar bai ba ta haƙƙin tilasta wa 'yan sanda zartar da umarnin ba. A 2011 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ce ƙasar ta gaza kare ta da 'ya'yanta.

Wannan shari'a ta nuna cewa ƙarfin umarni yana hannun wanda zai zartar da shi. Dokar Nijeriya ta 2015 ta ɗora wa ɗan sanda nauyin taimaka wa wanda aka zalunta ya shigar da ƙara, da kai shi asibiti ko wurin fakewa, da bayyana masa haƙƙoƙinsa. Idan aka mai da mace gida da cewa maganar iyali ce a je a sasanta, bayan ta zo da takardar kotu a hannunta, to an rushe dukan matakan da aka bi.

Fiƙihu da Al'ada

Tunanin shiga tsakanin ma'aurata domin tsare cutarwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci na Arewa suke bi, cutar da mace dalili ne da zai sa alƙali ya tsawata wa miji, ko ya raba auren idan ta nema kuma cutarwar ta tabbata. Littafin Muhtasar na Shehu Halil ya kawo cewa idan ƙara ta yawaita babu shaida, alƙali yakan zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su ga mai zalunci, idan kuma abin ya ci tura a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. A al'ada kuma akwai yaji da biko, inda iyaye sukan gindaya wa miji sharuɗɗa kafin su mayar masa da matarsa.

Rauninsu shi ne, sharaɗin da aka yi a zaure ba shi da hukunci idan an karya shi, kuma sau da yawa haƙuri kawai ake ba mace a mai da ita ɗakinta. Abin da umarnin kariya ya ƙara shi ne rubuta sharaɗin da kuma ɗaura masa takardar kamu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa umarnin kariya rigakafi ne wanda bincike ya nuna amfaninsa ga mafi yawan waɗanda suka same shi, musamman idan an bi shari'ar har ƙarshe. Amfanin nasa ya rataya a kan abubuwa huɗu: mace ta san da shi, kotu ta kasance kusa kuma ta yi hanzari, a kai wa wanda ake ƙara takarda a kan lokaci, ɗan sanda kuma ya motsa a karon farko da aka saɓa. Ma'aikacin jinya da ya ga rauni, da malamin da ya ga yaro ya firgice, da mai unguwar da ake kai wa ƙara, duk suna da rawar takawa, domin galibi su ne suke fara gani tun kafin magana ta kai gaban alƙali.